Shatin Kofi a Kan Dirowa

Goggo, wani misali zan ba ki, amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ni ba da kowa nake ba, kar ki je ki ce ni na faɗa. Wai wata mata ce ta gaji dirowa mai madubi a wurin mahaifiyarta. Ba irin ta yanzu ba da ake haɗawa da garin katako, ruwa na taɓa ta ta kumbura. Tun ta zamanin Turawa ce. Kakanta ya yi kuku a gidan wasu Kwarori 'yan kasuwa, da za su koma ƙasarsu suka bar masa ita. Madubinta zagayayye ne kamar faifai. Gefunanta ba kusurwa, an lanƙwasa su sumul, hannayen aljihunan kuma farin ƙarfe ne mai hawa-hawa kamar matakala. Saman nata ne abin kallo. Zanen jikin icen aka jera, ya buɗe kamar mafici, nan ruwan zuma, nan duhu-duhu, in kin sunkuya sai ki ga fuskarki a ciki. Uwarta ta koya mata yadda ake riƙonta: ba a sa mata ruwa, ba a barin rana ta dake ta, tsumma mai laushi kawai, sai kakin zuma jefi-jefi. Duk duniya abin da ya rage mata na uwar nan tata ke nan.

To ran nan 'yarta ta kawo mata shayi. Kofin yana ƙona mata hannu, ta rasa inda za ta dire shi, ta dire a kan dirowar. Ana ɗagawa sai ga farin shati, bai fi bakin kofin ba. Matar nan ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta kira wani tsohon kafinta, ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Hajiya, zafi ne ya shiga man da ke sama, bai kai ga icen ba. Ki riƙa shafa kaki a hankali, zai yi ta dusashewa. Amma kar ki kankare. Kyan nan da kike gani fata ce aka manna a kan katako, ba ta fi ɓawon albasa kauri ba." Ta ce to. Ta ɗan shafa, ta ga abin ba ya sauri. Baƙi su zo su yi ta yaba madubi, wallahi ba wanda ma ya lura da shatin, ita kuwa shi kaɗai take gani. Ta kwanta da shi ta tashi da shi. Wai za a ce ba ta iya riƙon kayan gado ba, wai za a ce ba ta iya tarbiyya ba. Sai ta aika aka sayo mata sanfefa, wannan takardar mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita. Ta kira yarinyar ta ce ta tsaya nan ta ga aikinta. Ta goga, ta goga, shatin ya fita tas. Amma wurin ya fi sauran haske. Ta ce bari ta goge gefe su daidaita. Gefen ma ya yi haske. Abin da bai fi bakin kofi ba ya koma kamar murfin kwano, ya koma kamar tire. Kullum ta ɗauko sanfefar sai ta kira yarinyar, hannu na guga, baki na guga, ga wadda ba ta da hankali, ga wadda ba za ta taɓa yin abin kirki ba. Yarinyar tun tana kuka tana ba da haƙuri, har ta daina, sai dai ta tsaya tana kallon ƙasa. Rannan ana cikin guga sai fatar ta huje. Farin katako ya leƙo, mai kaushi, irin wanda ake bencin mai shayi da shi. Daga nan kuma fatar ta kama ɗagowa da kanta tana ɓarewa.

Aka sake kiran kafintan. Ya daɗe yana kallo, ya ce irin icen nan ba ya fitowa a ƙasar nan, waɗanda suka jera shi kuma sun daɗe a ƙasa, shi ba abin da zai iya. Sai ta sayo fenti ruwan ƙasa ta lafta, ya toshe zanen gaba ɗaya, har hannayen ƙarfen ya ɓata. Ta kasa kallon dirowar, ta sa aka kai ta sito, aka ɗora mata buhun albasa. Ita kuma yarinyar, ai tana nan a gidan. Tana shara, tana wanke-wanke, in an kira ta ta ce na'am, in an aike ta ta je. Amma ko ciwo take ba ta faɗa, kuma ba ta ƙara shiga ɗakin uwarta ta zauna ba. Uwar har cewa take yarinyar ta shiryu.

Shi ne Hausawa ke cewa, garin gyaran gira a rasa ido.