Minti Bakwai Na Ƙarshe

Mai gyaran bidiyo ya kunna wani tsohon fim a allo biyu na shagonsa, labarin jirgin da ke tafiya wata duniya. Budurwarsa, malamar jinya, tana bakin benci da takardar canjin wurin aiki a jaka. Jibi za ta tafi, shekara uku.

"Na hagu aka fara fitarwa," ya ce. "A nan matuƙiyar jirgin ta fasa tafiya."

"Na daman fa?"

"Shi daraktan ya so. An ƙara minti bakwai."

Ta zuba wa na daman ido. Matuƙiyar ta shiga jirgi, saurayinta yana bayan gilashi kamar an dasa shi. Mai gyaran ya kai hannu zai tsayar da fim ɗin, budurwarsa ta riƙe hannun rigarsa.

"Bar shi ya ƙare."

"Wallahi kafin ki ƙifta ido na yanke minti bakwai ɗin nan. Aikina ne."

Ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Na sani. Amma na riga na sa hannu."

Ya dubi maɓallan da ke gabansa. Ya san aikin kowanne, ya rasa wanda zai danna. A allon dama, jirgin ya tashi.