Sanyin Shekarar Aurensu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Kun ce ta zo? To, ta iso.

A zamanin da ƙanƙara ta ƙare a duniya, jiragen ruwa kan haƙo laka daga gindin teku, can inda ƙanƙarar ta taɓa kwanciya. Akan yanka ta shekara-shekara a kai kasuwa, don kowane yanki yana riƙe da sanyin shekararsa.

Malam Barau yana kwance ba lafiya, zafi ya hana shi sakat. Ya ce wa matarsa Tasalla, "Shekarar aurenmu nake so in ji a kumatuna."

Ta ja sandarta sai rumfar Tanko mai laka.

"Kaka amaryata, wace shekara?"

Ta faɗa. Ya duba, ya ɗauko yankin shekarar.

"Kaka, ƙanƙara tsakuwa take zubarwa a laka. Taku sumul take. Kafin a kai ki ɗaki ƙanƙarar ta riga ta janye."

Tasalla ta taɓa, ta ji ɗumi kamar tuwon jiya.

"To, yanko min ta kakanninmu, ɗan nema. Ka kama bakinka."

Da ta ɗora wa Malam a kumatu, sai ya lumshe ido, ya daɗe.

"Tasalla, kin yi min ƙari. Tamu ba ta kai haka ba."

"Tsufa ne, Malam. Ka manta."

"Na manta," in ji shi, yana murmushi. "Bar ta a nan."

Ranar ya samu barci. Malam ya rasu kafin damina, Tanko bai taɓa faɗa wa kowa ba, Tasalla kuwa ta koma ta sayi tasu mai ɗumin, ta ajiye.