Lambar Birki

Neman tabaransa ne ya kai Injiniya teburin Auta, 'yarsa. Ya same shi a gefen kwamfutarta, ya ɗora a hanci, sai idonsa ya faɗa kan layi guda: birki, sifili. Ya sake karantawa, ya ji ƙeyarsa ta ɗauki zafi.

Tun yana saurayi yake haɗa allunan sarrafa na'urori, yanzu kuma waɗanda ke sarrafa kekunan lantarki masu dakon kaya. A tsakiyar kowane allo akwai 'yar ƙwaƙwalwa wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba, kuma aiki ɗaya take yi a lokaci guda. In fitila ta kira ta, ko birki, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta amsa. Kowane mai kira da lambarsa, daga sifili zuwa goma sha biyar, lambar ce ke raba gardamar wa zai katse wa. Ƙa'idar da Injiniya ya tashi da ita ba ta da wuya: mai babbar lamba shi ne babba.

Da ciwon ido ya kwantar da shi bara, Auta ta riƙe shagon. Kafin ya warware ta sauya ƙwaƙwalwar da wata sabuwa, ta kuma haɗa keken da waya don mai shi ya riƙa ganin gudu da cajin batir. Ta ajiye masa littafin sabuwar ƙwaƙwalwar, mai kauri kamar bulo. Ya tokare ƙafar fankarsa da shi.

Yanzu ga sakamakon: waya, goma sha biyar. Birki, sifili.

"Ke Auta! Waya kika ɗora a kan birki?"

"Baba, ka tsaya ka ji..."

"In ji me? Birkin nan ba shi da igiya, ƙwaƙwalwa kaɗai yake jira. Ran mutum za ki sa a ƙarshen layi?"

"Baba, ai wannan ba irin..."

"Ba irin na zamanina ba ko? Na tsufa ke nan. To kafin a haife ki nake wannan aikin!"

A gidansu ma an daɗe da sani, ba a kai ƙarshen zance in Injiniya na wurin. Auta ta haɗiye sauran maganarta. Mijinta, wanda ke nemo musu masu saye, ya matso yana murza hannu.

"Baba, ku yi haƙuri. Mai saye zai zo bayan azahar. Don Allah kada a taɓa komai yau, gobe sai a zauna."

Gobe. Haka ake lallaɓa tsofaffi, kamar yadda ake yi wa yaro mai rigima. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi ya kafa shagon nan da hannunsa, shi ya koya wa yarinyar nan riƙe ƙarfen walda har ta ƙona masa hannun riga. Yau kuma shi ake roƙo kada ya taɓa komai.

Da suka fita cin abinci ya ce ba ya jin yunwa. Ya ja kujerarta ya zauna. Yatsunsa sun yi nauyi, amma ba su manta hanya ba. Ya ba birki goma sha biyar, ya jefa waya can sifili inda ya ga ya dace da ita. Ya jona igiyar kwamfuta, ya zuba sabon tsarin a cikin allon keken gwaji.

Shi ba mai aiki da ka ba ne. Ya ɗaga ƙafar keken ta baya a kan katako, ya murza, taya ta ɗauki gudu. Ya matse birki, ta tsaya cak. Ya maimaita har ya gamsu. Shagon shiru, babu kowa, ko waya ɗaya babu a kusa. Ya zare igiyar ya mayar da kujerar yadda ya same ta.

Bayan azahar, da mai saye ya iso, suka tura keken zuwa gangaren da ke bayan sito, wanda ya miƙe har bakin titin manyan motoci. Aka loda masa buhunan siminti. Auta ce za ta hau, don ba ta taɓa yarda wani ya gwada abin da ita ta rubuta ba. Wannan taurin kan a wurinsa ta gado, kuma a ransa yana alfahari da shi.

Da kansa ya ɗaure mata igiyar hular kwano. Ta dube shi da mamaki, ta yi murmushi.

"Kin huce?" ya ce.

"Kai zan tambaya, Baba."

Bai gaya mata ba. Sai ta sauko lafiya zai faɗa, a gaban mijinta, a gaban baƙon, kowa ya ji wanda ya tsare mata rai.

Mijin ya haɗa wayarsa da keken, lambobi suka fara gudana a fuskarta ba ƙaƙƙautawa. Auta ta saki keken. Nauyin siminti ya tura shi, gudu ya ƙaru, ta wuce tsakiyar gangare. A ƙasa wata tirela na tafe. Injiniya ya harɗe hannu a ƙirji, hankalinsa kwance, yana kallon yatsunta sun kai kan birki.

"Wayar nan ba za ta shagaltar da ƙwaƙwalwar ba?" in ji mai saye.

Mijin ya yi dariya. "In aka ba ta gaba, ai ba mai samun shiga, don ba ta yin shiru. Shi ya sa matata ta kai ta ƙarshe. Wannan sabuwar ƙwaƙwalwar daga ƙasa take ƙirga girma, ranka ya daɗe: sifili ne gaba da kowa, kuma shi matata ta ba birki."