Rabon Auta a Bakin Kyanwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta gobe ce ba ta jiya ba.

Ta zo mu ji ta, ko ta yaushe ce.

An yi wani manomin albasa a bakin fadama, yana da ƙane guda, autan ɗakinsu, wanda neman abinci ya kai shi wata ƙasa can bayan teku. Shekara tara rabon auta da gida. A zamanin kuwa an ƙera wani irin tabarau wanda in ka ɗora a fuska, na nesa ma ya ɗora nasa, sai ka gan shi zaune kan tabarmarka da tsayinsa da faɗinsa, har furfurar gemunsa, shi ma yana ganin ka da duk abin da ke gabanka. Auta ya aiko wa yayansa da guda. Murna wajen manomi ba a magana. Kullum in ya dawo gona da azahar sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo tuwo, ya ɗora tabarau, ga auta da nasa kwanon can, suna ci suna tsokanar juna kamar da. Da Sallah ta matso sai auta ya ce, "Yaya, tunda kullum muna tare, bana ma ba sai na zo ba." Manomi ya ce to, Allah ya kai mu, don babba ba ya roƙon ƙaninsa ya zo gaishe shi. Amma ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba ya ture kwano.

To, a gidansu tun suna yara kwano ɗaya suke ci, kuma tarbiyyar da aka yi musu ita ce babba ke fara tsame hannu, ya tura tsokar da ke cikin miya gaban ƙarami, ya tashi. Hannun manomi bai manta ba. Kullum sai ya tura tsoka wajen da yake ganin auta, ya suɗe yatsu ya miƙe, kyanwar gidan kuwa ta lallaɓo ta ɗauke. Cikin wata biyu ta yi ƙiba har ta daina kula ɓeraye. Ran nan auta ya yi jinkirin cire tabarau, sai ga kyanwa ta zo ta zauna daidai inda yake zaune, tana cin rabonsa hankali kwance. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, ashe wannan ce take cin gadona?" Manomi ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce, "Hannu ne ya saba." Dariyar auta ta tsaya.

Daga nan kwana huɗu manomi yana ɗora tabarau, ba kowa sai tabarma. Ya zaci ya ɓata wa yaron rai ne, bai dai faɗa wa kowa ba. Ranar jajibiri ya sake ɗorawa, sai ga auta tsaye a bakin zaure da jaka a kafaɗa. Manomi ya washe baki ya ce, "Yau kam abin nan ya gyaru, har ƙurar takalminka nake gani." Auta ya durƙusa gabansa, ya sa hannu biyu ya zare masa tabarau daga fuska, kuma bai ɓace ba. Manomi ya kama hannun nan ya riƙe, yana dariya hawaye na bin gemu, guɗa ta tashi daga cikin gida, maƙwabta suka fito ba takalmi. Har aka kira la'asar bai sake shi ba.

Da ma Hausawa sun ce, zumunta a ƙafa take.

Ƙurunƙus, na sauke muku ita nan.