Kujerar Direba

Karo na huɗu ke nan yana sauke tantin daga bayan mota yana sake naɗe shi. Ya leƙa jarkokin ruwa, ya gwada fitila, ya zagaya motar yana dukan tayoyi da ƙafa.

"Direba, rana fa ta ɗaga," in ji matarsa daga bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. "Ko jira kake tayar ta rama?"

Shekara talatin da biyu yana jan babbar mota, yana dawo mata da labarin duwatsu da tafkuna. Alkawarinsa ɗaya ne: ranar da ya ajiye aiki zai kai ta ta gani da idonta, wata uku suna kwana a tanti. Ga ranar ta zo. A aljihunsa kuwa takardar likita ce tun makon jiya: idanunsa sun raunana, an hana shi tuƙi.

Ya buɗe ƙofar motar, ya rufe, ya sake buɗewa. 

"Maman yara," ya ce, murya a dushe, "ba zan iya kai ki ba. Idanuna..."

"Na sani tun ranar da ka yi wa turken lantarki sallama."

Ta zaro wani kati ta danƙa masa. Sai da ya kai shi dab da hanci ya gane: lasisin tuƙi ne, da hotonta a jiki.

"Wata biyar ina koyo a ɓoye. Zagaya can, yallaɓai. Kai ka san hanyar, ni ke ganinta."