Jirgin da Wendell Zai Miƙe a Ciki

Travis, Noreen, ku kife wayoyin nan ku matso. Kun ga Kawunku Wendell zaune cikin motarsa a ƙofar gida, kun ga Antinku Darlene ta kulle kanta a ɗakin baya. Ku ji yadda aka yi, don ni na gaji da shiga tsakanin ƙanwata da mijinta.

Darlene ta sayar da shagonta na injinan wanki a Fort Pierce, ta sayar da gidan da ta yi aure a ciki, suka koma hayar tirela, irin gidan nan mai taya da ake ja da mota, a bayan tashar jiragen ruwa. Duk don su sayi katamaran na hannu, jirgin nan mai ciki biyu da ba ya yawan tangaɗi, su tsallaka zuwa tsibiran Bahamas, daga can su nausa kudu. Likita ya riga ya gaya mata idanunta suna tafiya. Ta ce kafin duhu ya rufe ta, sai ta ga ruwan da babu ƙasa a bayansa.

Wendell ya ce to. Sharaɗinsa ɗaya ne. Tsayinsa ƙafa shida da inci huɗu, ba zai ƙare rayuwarsa a duƙe kamar mai neman allura ba. A samo jirgin da zai miƙe a ciki.

Sai suka shiga yawo. Brunswick, Annapolis, har Texas sun je. Ko'ina al'adar ɗaya ce, mai saye ya tuɓe takalmi a bakin tasha kafin ya taka jirgin mutane. Darlene ta wuce gaba da ɗokinta tana buɗe akwatuna, tana shafa matuƙi. Wendell ya biyo ta a hankali cikin dogon wandonsa mai faɗi, wanda ko a zafin Agusta ba ya rabuwa da shi. Can sai ta ji ƙum. Ta waiwayo, ya dafe tsakar ka.

"Wannan ma na wadanni ne, Dar."

Daga nan sai ta huce a kan dillali. Kowannensu ya rubuta a talla cewa rufin ya kai ƙafa shida da rabi. Wani ya taɓa ɗauko abin awo zai nuna mata, ta ture hannunsa.

"Ajiye abinka, ɗan nan. Kun iya auna inda rufi ya fi tudu ku ce haka duk jirgin yake. Kan mijina bai san ƙarya ba."

Sunanta ya zaga tashoshi. Wasu dillalan suka daina ɗaga wayarta. In sun dawo tirela ta dafa masa jatan lande da faten masara, ta zauna tana matsa masa sha-raɓa, don kullum aka je ganin jirgi sai ta ƙulle masa. Ya ce tuƙin nesa ne. Ita tana zagin dillalai, shi yana gyaɗa kai, in ya gaji ya fita ba da ruwa ga lemon tsamin da ya dasa a bayan tirela.

Lokacin guguwa na shekara-shekara ya zo ya wuce har sau uku. Jiragen da suka ƙi, wasu suka saye suka tafi. Darlene ta fara karanta talla da gilashin ƙara girma, ta daina tuƙi da kanta.

Jiya wani dillali mai suna Corbin ya kira. Jirgin wani tsohon ɗan ƙwallon kwando ne, shi ya sa aka ɗaga masa rufi tun a masana'anta. Corbin ya wanke saman jirgin tas da mesa kafin su iso, har ruwa na kwance a kan matakala. Suka tuɓe takalma suka shiga. Falo ya yi, madafa ta yi. Darlene ta tsaya a ɗakin kwana tana jira.

Ƙum.

Ta juyo kan Corbin kamar za ta ci mutum. "Kai ma? Ka dubi tsabar idona ka ce mini ƙato ne ya kwana a nan?"

"Ranki ya daɗe, mutumin ya fi mijinki tsawo, na tsaya kusa da shi."

"Uwarka ce ta tsaya kusa da shi. Ba ni abin awon nan. Yau da hannuna zan tona maka asiri, in kai ka gaban hukumar da ta ba ka lasin."

Ta fizge, ta durƙusa don ta dafe bakin awon a ƙasa, ta kai fuskarta dab da katako saboda idon. Ta daɗe a haka. Wendell ya ce, "Dar, tashi mu tafi, ƙyale shi." Ba ta ja awon sama ba. Ta miƙe ta ba Corbin abinsa, ta ce ya yafe mata. Ta fita ba takalmi ta tari tasi zuwa nan.

Yanzu shi yana so a ce mata ta fito su koma gida. Ita tana so Travis ya kai ta wurin Corbin ta sa hannu a takardar sayen jirgin ita kaɗai, ta nemi wanda zai tuƙa mata shi. In aka bar ni, na san inda zan jefa Wendell, shi ya sa ba ni zan yanke ba. Ku ne masu sanyin kai, ku raba musu yau. Amma ku yanke kuna sane da abin da ta gani a kan katakon nan: jiƙaƙƙen sawunta cikakke, na Corbin cikakke, na Wendell kuwa tun daga ƙofa har ɗakin kwana yatsu ne zalla, babu diddige ko ɗaya.