Tulun Famfon Hajj Abdussattar

Tun kafin azumi Ra'afat yake farautar tulun gilashi guda ɗaya, sai ka ce maganin mutuwa ne a ciki.

Tsohon famfon fetur na mahaifinsa yake gyarawa, irin wanda ake tuƙawa da hannu, mai tulu a ka. A cika tulun har layin lita biyar, sannan a juye wa mota. Da famfon nan kaɗai marigayi Hajj Abdussattar ya gina benaye uku a Damanhur, ya ɗora da masallaci.

Shi kuwa ɗan, wanda bai taɓa shaƙar fetur ba sai ta tagar mota, kujerar majalisa yake nema, kuma ba shi da wani jari sai sunan uba. Bangon garin duk hotunansa ne, an rubuta "Ɗan Mai Cika Mudu". Ya kuma cika baki cewa ranar buɗe sabon gidan mansa zai nuna wa jama'a famfon, kowace ƙusa ta asali.

Hannun tuƙin ya samo a Iskandariyya. Bakin tiyo na tagulla kuma a wurin 'yan gwangwan na Alƙahira, waɗanda da sun hango takalminsa suke ninka farashi suna ta kambama shi da "Basha, Basha", wato ranka ya daɗe. Tulu ne ya gagara. Wanda ke kan famfon ba shi da tambarin kamfani, ga gindi mai kauri kamar na turmi.

"Aikin wani jahilin makanike ne," in ji Ra'afat yana yatsina. "Ya fasa na Baba, ya maye da wannan shirme."

Ya bi tsofaffin direbobin tasi har gidan shayi. Wani mai haƙori ɗaya ya ce, "Basha, mu dai tun muna karen mota wannan tulun muka sani." Ra'afat ya biya musu kuɗin shayi, ya fito yana cewa tsufa bai yi ba.

Neman ƙuri'a ne ya kai shi gidan Gwaggo Nabawiyya, ƙanwar mahaifinsa, wadda rabonsa da ita tun jana'iza. Can saman kantar kicin ya hango tulun da yake nema, cike da jiƙon lemun tsami. Ga tambarin kamfani, ga lamba daidai da ta jikin famfo. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya juye lemun a roba, tsohuwa tana ta mita, ya rungume tulun ya fice. Da aka wanke shi, ko ƙwarzane babu, ko tabon fetur bai nuna ba. Ra'afat ya ce albarkar Baba ce.

Ranar buki an kafa rumfa, an kawo makaɗa. Direbobin nan suna sahun gaba, suna jiran shinkafa da nama. Famfo na ta ƙyalli da jan fenti, ga tulun Gwaggo a kansa, an ajiye wanda aka cire a kan tebur kusa da shi, don kowa ya ga bambancin asali da jabu. Ra'afat ya yi jawabi a kan gaskiya da amana, ya share hawayen da babu. Sannan ya sa aka tallabo tsohuwa, ya miƙa mata lasifika.

"Gwaggo, faɗa wa mutanen Damanhur yadda kika adana amanar Baba shekara da shekaru."

Gwaggo Nabawiyya kunnenta ya yi nauyi, saboda haka da ƙarfi take magana.

"Wace amana kuma, ɗan nan? Kyauta ya ba ni, tun ran da aka sauke famfon daga mota. Ya ce wannan cikinsa ya yi girma, in da shi zai riƙa awo sai mu kwana da yunwa, shi ne ya sa mai hura gilashi ya yi masa wancan ƙaramin mai kaurin gindi."